Kujerar Mai Gyaran Birki

Litinin, 4 ga Satumba, 2023

Mota ɗaya yau tun safe, ita ma iska aka ba wa taya. Tun da litar fetur ta haura naira ɗari shida, motocin garin nan suka koyi zaman gindin bishiya irin na masu su. Wadda ke fita kuma ba ta san hanyar gareji ba sai ranar da ta ƙi tashi.

Wata biyar ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye. Kullum da safe ni da Inna mu fito da shi a kujerar roba mu ajiye a inuwar darbejiya, bakin ramin duba mota, ya yini yana jiran ƙarar inji. Magana ta ƙi, amma kunnen yana nan. In ya buga sanda sau ɗaya a ƙasa, e ke nan. Sau biyu, a'a.

Ranar da aka sallamo shi daga asibiti ya nuna ni da sandar, ya nuna garejin. Naɗina ke nan. Yayana Tasi'u, mai shekara ashirin a ƙarƙashin mota, yana tsaye yana kallo. Ni kuwa shekara huɗu ina karatun labarin ƙasa a jami'a, shekara uku ina zaman aure, ko'ina na fito da takarda. 'Yan tasha suna ce mini Injiniya, kuma ba yabo ba ne.

Dokar garejin Nababa, wato Baba, ɗaya ce, ta girme ni. Duk wanda ya taɓa birkin mota a nan, shi zai zauna a kujerar gaba a lodinta na farko, har Kunci, ya nemi hanyar dawowa. Ba a rubuta ta ko'ina ba. Saboda ita mutane ke tsallake makanikai uku daga Makoda su kawo mana birki.

Laraba, 6 ga Satumba

Na kama shi.

Wata ƙaramar motar haya, bututun birkin ƙafar baya yana yoyo. Na shiga ɗaki ɗauko sabo, na fito na tarar motar tana hawa titi, sabon bututun yana hannuna, Tasi'u yana goge hannu da tsumma. Ƙusa ya cusa a bakin tsohon ya ɗaure. Mai ba ya zuba, ƙafar kuma ba ta kamawa. Mota mai ƙafa huɗu, birki uku.

Na ce, "Yaya, ba ka hau ba."

Wai cikinsa ke murɗa. Na tsaya ina kallonsa har ya gaji.

"Malama, mutumin nan ba shi da halin sabo. Ko in toshe masa, ko ya tafi yana yoyo. Zaɓi ɗaya."

Na ce na zaɓa, ya ajiye motar a gida.

"Ya ci me?"

Ba ni na ƙara kuɗin mai ba. Abin da na sani shi ne mutum ya ƙi zama a motar da ya gyara da hannunsa. Sauran duk lakca ce.

Alhamis, 7 ga Satumba

Bai kalle ni ba. Ni na gaishe shi, da ƙarfi, har da tambayar ya cikin.

Asabar, 9 ga Satumba

Na gaya wa Baba. Ya buga biyu, ya sake buga biyu, ya ci gaba da bugawa har Inna ta riƙe masa hannu.

Bayan mun shigar da shi ta tare ni a madafa. "Ke dai Fadima, bakinki ya fi ƙafarki sauri. Yayanki 'ya'ya biyar gare shi." Na ce fasinjojin ma ba daga sama suka faɗo ba, Inna. Ta ce boko bai koya mini yin shiru ba. Gaskiya ne, ba ya cikin manhajar.

Talata, 12 ga Satumba

Mun yi manyan baƙi. Alhaji Isyaku shugaban direbobin tasha, da mutum biyu masu gyaɗa masa kai. Sun zo dubiya, da ƙullin goro ga mutumin da ba ya iya tauna. Suka durƙusa gaban Baba, suna kallonsa, suna magana da ni.

"Malam Nababa, zamani ya juya. Kujerar gaban nan yanzu mutum biyu take ci, ranar kasuwa uku. A ce direba ya sayi mai a wannan tsadar, ya biya gyara, sannan ya ɗauki makanike kyauta yawon buɗe ido? A sassauta. Ƙusa kuma ba yau aka fara ba, Allah ke tsarewa."

Baba ya buga biyu.

"Madalla," in ji Alhaji, "ya amince."

Na ce daga ƙofar ɗaki, "Alhaji, biyu a'a ce. In akwai saura a faɗa, ina fassarawa." Ya ce ba da ni yake ba. Na ce na lura, shi ya sa na taimaka.

Sun tafi da goronsu. Na duba, da gaske sun tafi da shi.

Juma'a, 15 ga Satumba

Tasi'u ya tafi. Bayan an sauko daga masallaci ya tattara sifanoninsa a buhu, nasa kawai, bai taɓa na Baba ba. Wani abokinsa yana da gareji a Bacirawa. Matarsa Kulu da yara suna nan.

Ya daɗe durƙushe gaban Baba. Sandar ba ta motsa ba, ko ɗaya ko biyu. Da ya miƙe ya ce mini, "Ga gareji nan, Injiniya. Ki gyara, ki hau, ki sauko."

Inna ta yi ta kuka a ɗaki. Ni ban kore shi ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce a wani wuri, shi ya sa na rubuta.

Lahadi, 17 ga Satumba

Na sa an kewaye ramin da zana. Na ɗauko tsohuwar rigar aikin Baba na naɗe hannu da ƙafa, na ɗora ƙaramin hijabi. Daga shekara tara zuwa sha biyar ni ce mai zura hannu inda na maza ba ya shiga, kafin a tuna ni mace ce a mai da ni cikin gida. Hannun bai manta ba.

Inna ta ce me mutane za su ce. Na ce abin da suke faɗa yanzu, da ɗan ƙari.

Laraba, 20 ga Satumba

Aikina na farko ni kaɗai: motar wani malamin asibiti, baƙo ne, bai san ana fushi da mu ba. Juyen baƙin mai. Abin da ya fito daga injin nan ba mai ba ne, kwalta ce. Wata tara bai juye ba. Ya tambaya ko zan tace masa tsohon ya tafi da shi don gaba. Mutum mai yi wa yara rigakafi.

Na ce masa mota ba ta da wuyar sha'ani. Ka duba mai da safe kafin ka tayar, ka duba ruwa, ka zagaya tayoyi da ido. Minti uku. Ya ce to, irin to ɗin da marasa lafiyarsa ke ce masa.

Da na tayar, injin yana ɗingishi. Na kalli Baba. Na ɗaga fulogi na farko, ya buga biyu. Na biyu, biyu. Na uku, ɗaya. Na ciro shi baƙi ƙirin, na canza, inji ya daidaita. Ɓarin bakin Baba mai motsi ya motsa. Na yi kamar ban gani ba.

Litinin, 25 ga Satumba

An yanke hukunci a tasha, ba wanda zai kawo mana mota. Duk sun koma wurin wani a mararraba wanda kayan aikinsa guduma ne da gwangwanin ƙusoshi. An ce layi ake yi.

Mu sai babura. Na wanke kafireta huɗu yau. Matan unguwa kuma sun tsiri zuwa gaida Baba rukuni-rukuni, kowace gaisuwa tana ƙarewa da ido a jikin zana. Ɗaya ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Allah Ya kawo miji." Na ce amin, in ya zo ya taho da jak, namu yana zubar da mai.

Alhamis, 28 ga Satumba

Farce uku sun karye. Mota babu.

Talata, 3 ga Oktoba

Kulu ta shigo ɗibar gero. Ba ta kalle ni ba, ta gaya wa turmi cewa Tasi'u a cikin wata matacciyar bas yake kwana a can, sauro ya gama da shi. Na ce da ya hau motar da ya gyara, da a ɗakinsa yake kwana. Wannan ma turmin na gaya wa.

Baba ya rage cin abinci. Inna ta ce zafi ne. Kowa a gidan nan ya san ba zafi ba ne, kuma kowa ya san wa ake so ya ji.

Asabar, 7 ga Oktoba

Iliyasu ya kawo motarsa. Tsohon direba ne, sa'an Baba, farar bas ɗinsa ta kai ni makarantar kwana sau ba adadi. Ya shigo da rana tsaka a gaban 'yan tasha, ya kashe mota a bakin rami.

"'Yar Nababa, bututun baya ya tsage. Ni ƙusa ba ta shiga motata, jikokina ke hawa. Alhaji Isyaku ya ci tarata in ya ga dama."

Na so in rungume motar.

Na yi komai bisa tsari. Na tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa zuba wani abu a birkin nan ban da man birki. Ya ce, "Ni? Haba 'yata." Na buɗe kofin man na leƙa, garau, launin zuma. Ashe akwai sauran mutane a tashar nan.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Na gama. Inna ta kai Baba gashin jiki Dambatta, don haka ba sanda, ba kowa, ni da littafin gyaran da na sauke a waya. Gaskiya na fi son hakan. Ina so a ce ni ce.

Na cire tsohon bututu, na ɗaura sabo, na fitar da iskar ƙafar, Iliyasu yana taka mini. Na cika kofi. Birki ya yi tauri kamar dutse. Sau uku muka gwada a gaban gareji, sau uku ta tsaya cak.

Gobe lodin gyaɗa da fasinja zuwa Kunci. Iliyasu ya ce, "Ke mace ce, an yafe miki hawan." Na ce dokar ba ta ce namiji ba, ta ce wanda ya taɓa. Na goge hijabina mai ruwan toka. In za su yi kallo, su ga abu a goge.

Talata, 10 ga Oktoba

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Tasha ta cika kamar ana rabon taki. Na ratsa su na buɗe ƙofar gaba. Iliyasu ya sa wata tsohuwa mai kaji biyu a tsakaninmu, ni a bakin taga. Mutum goma sha takwas a baya, buhunan gyaɗa a sama har motar tana nishi. Alhaji Isyaku ya ce, "A sauka lafiya, Injiniya." Na ce amin, tunda ba ƙusa.

Hanyar kowa ya san ta. Rami, tudun rage gudu, akuya, wani ramin. Ba a minti biyu ƙafar Iliyasu ba ta kan birki, kuma kowane taku motar tana amsawa. Ina ƙirga su a zuci kamar maki. Rana ta ɗaga, ƙasan motar ya yi zafi har ina ji a tafin ƙafa.

Wajen minti arba'in da tashi, a bakin wani ƙauye, amalanken shanu ta fito daga lungu da damman gero, mata uku a bayanta. Iliyasu ya taka. Na ga ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Ya ɗago ya sake, ya sake. Bai yi ihu ba, a hankali ya ce la haula. Ya dawo da giya, ya ja birkin hannu, ya karya sitiyari dama.

A ƙasarmu babu daji. Na taɓa rubuta wannan a jarrabawa, da alƙaluma, na ci maki mai kyau. Duk inda mota ta kauce, gonar wani ce ko katangar wani. Mu gona muka samu. Dawa tana dukan gilashi, kunya bayan kunya tana ɗaga mu tana bugawa, kaji a fuskata. Muka tsaya taku biyar daga wani gawo.

Ba wanda ya mutu. Goshin tsohuwar ya fashe, wani mutum a baya buhu ya faɗo masa a kafaɗa. Na ɗaure mata da gefen hijabin da na goge.

Mutanen ƙauye suka taru. Wani ya ce wane la'anannen ne ya gyara motar nan. Fasinjoji duk sun sani. Iliyasu ya fara cewa ƙaddara ce. Na ce, "Ni ce." Sai a lokacin na gane amfanin kujerar. Na ɗauka don makanike ya ji tsoro ya yi aiki mai kyau ne. Har da wannan: in abu ya faru, a same shi a wurin.

Mai gonar, Malam Mati, ya zo. Ya bi hanyar da muka share yana tsintar zangarniya ɗaya-ɗaya. Saura sati biyu ya girbe. Ya iso gabana ya miƙo mini karyayyen kara.

"Ke ce makaniken? To gyara wannan."

Abin da ya fi ba ni haushi, bayan rabin awa Iliyasu ya taka birkin, ga shi nan da tauri kamar ba abin da ya faru.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na buɗe gareji ƙarfe bakwai kamar kullum. Duk mai son kallo ya same ni a tsaye.

An jawo bas ɗin, tana kan rami. Na aika wa Malam Mati dawa daga rumbun Baba, na je na duba tsohuwar, an yi mata ɗinki huɗu. Ta tambaye ni kajinta.

Na bi bututuna daga farko har ƙarshe. Ba yoyo. Ba goro ɗaya da ya saki. Kofi cike. Aikina ba shi da laifi. Na duba sau uku, aikina ba shi da laifi.

A tasha an ce yanzu in direba zai tashi sai a tambaye shi, ta titi ko ta gona. Ba laifi, ta yi ma'ana. Da ni ce a wancan ɓangaren da na fi su iya tsara ta.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Ina zaune ina tankaɗe, na ga ƙafata ta dama tana danna ƙasa da kanta.

Iliyasu kullum sai ya zo ya zauna a inuwar motarsa. Kwana huɗu ba lodi. Bai zarge ni ba ko sau ɗaya, kuma ba ya haɗa ido da ni. Da ya zage ni da na san abin yi.

Na tambayi Baba, "Bututun ne?" Biyu. "Ɗaurin ne?" Biyu. Tambayoyina suka ƙare. Shi yana da amsar a baki, ni ba ni da tambayar. Ya yi ta kallona har ya gaji ya rufe ido.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Na kwance ƙafar gaba, wadda ban taɓa ba, na tsiyayi abin da ke ciki a kwalba. Ba launin zuma ba. Fari-fari, kamar ruwan wankin shinkafa. Littafi ya ce gurɓataccen mai. Na gode, littafi. Da me?

Gobe zan shiga Kano sayen matatar mai a Ƙofar Ruwa. Bacirawa a kan hanya take. Ba ni na sa ta a wurin ba.

Litinin, 16 ga Oktoba

Tasi'u ya rame. Na tarar da ƙafafunsa a waje, sauran jikin a ƙarƙashin wata motar ɗaukar yashi. Na yi sallama, ƙafafun suka tsaya. Labari ya riga ni, a fuskarsa na gani.

Na miƙa masa kwalbar. Bai buɗe ba. Girgiza ta ya yi sau biyu ya ɗaga ta a rana. Kumfa har wuya.

"Ruwa da omo," in ji shi.

Na ce Iliyasu ya ce bai taɓa ba.

"Tambayarsa kika yi?" Ya yi dariya har da tari. "Fadima, tun watan shida rabin tashar nan abin da suke zubawa ke nan. Man birki ya fi ƙarfinsu. Da zai zo gaban Baba kunya ta sa ya cika kofin da na gaske. Ke kika leƙa sama kika ga zuma."

Sauran ni na ƙarasa da kaina, a tsaye cikin baƙin mai. Ruwa in ya yi zafi tafasa yake, ya zama tururi, tururi kuwa ba ya tura komai. In ya huce ya koma ruwa, birki ya dawo. Aji biyu na sakandare. Na san wannan tun kafin in san girki.

Ya ce duk motar tasha da ta hau raminmu, sai ya zubar da na ƙafa huɗun duka ya sa sabo, ba ya tambaya, ba ya faɗa, don kada dattijo ya yi rantsuwar ƙarya. Wata huɗu yana haka a gabana. Ni na ɗauka ɓarnar mai yake.

Na ce, "Ƙusar fa, Yaya?"

Ya daɗe yana juya sifana. "Ƙusar laifi ce. Na sani. Ba shi ya sa ban hau ba?"

Da zan tafi ya ce, "Kin ji tsoro?" Na ce a'a. Ya ce, "Ni kowane hawa."

Ban roƙe shi ba. Na dai ce bas ɗin tana kan rami, kuma Baba loma uku yake yi ya kau da kai. Labari ne, ba roƙo ba.

Na manta ban sayi matatar ba.

Laraba, 18 ga Oktoba

Na ajiye kwalbar a gaban Iliyasu na girgiza. Na shirya jawabi tun a mota, mai sassa uku. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Mahaifinki na zaune a wurin, 'yata. Da wane bakin?"

Na yi sashe na farko. Sauran biyun suna nan, ban yafe su ba, ajiye su na yi.

Asabar, 21 ga Oktoba

Tasi'u ya iso da hantsi a bayan babur, da buhu biyu. Ɗaya sifanoninsa. Ɗaya tsofaffin bututan birki da ya kwance daga matattun motocin can, ya wanke, ya busa kowanne. Ya ce ko mai kuturun talauci zai iya sayen wannan, ba sai an kai ga ƙusa ba. Littafi bai yarda da tsohon bututu ba. Ban buɗe littafin ba.

Wai duba Baba ya zo. Baba ya cinye tuwon rana har da neman ƙari, abin kunya, kamar yaro.

Bayan azahar ya sauka rami ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya ce in hau in taka masa. Ƙafa huɗu, ɗaya bayan ɗaya, har sai da ruwan ƙarshe ya fita. Daga ƙasa yake magana.

"Taka."

Na taka.

"Riƙe. Kar ki saki, Injiniya. Riƙe na ce."

Na riƙe.

"Saki."

Awa guda muna haka. Ba wai umarninsa nake bi ba. Haka aikin yake, na ƙasa shi ke gani.

Litinin, 23 ga Oktoba

Bas ɗin ta yi lodi da safe. Ban je tasha ba, daga bakin gareji ana hango titi. Da suka wuce Yaya yana kujerar gaba, gwiwar hannu a taga, bai waiwayo ba. Ban san ko ya dawo ke nan ba, ban tambaya ba. Har yanzu ina nan a kan bakana game da ƙusa, kuma duk wanda ya zo da ita zai ji sauran jawabina.

Wajen ƙarfe goma wata motar tasha ta shigo, ta farko cikin wata guda in ban da ta Iliyasu. Direban ya fito yana kallon gefe, ya ce birki ke yoyo, ko Injiniya za ta duba. Sifana tana hannuna. Na san inda ake kwancewa, na san a girgiza kwalba.

Na ce ya zauna, Yaya ya tafi Kunci, azahar zai dawo.

Ya zauna a benci. Na share bakin rami, ko da yake a share yake.